Dajin Amazon: Yadda ilimin 'yan asalin yankin ke kare tsirrai, da abin da ke neman shafe shi

A ranar 1 ga Mayun 2023, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a cikin surƙuƙin dajin Amazon da ke kudancin Kolombiya. Manya uku da ke cikinsa duk sun rasu, ciki har da mahaifiyar wasu yara huɗu 'yan ƙabilar Huitoto da suke tare da ita. Babbar cikin yaran shekararta 13, masu bi mata suna da shekara 9 da 4, sai jaririya 'yar wata 11. Da masu ceto suka kai ga tarkacen jirgin bayan mako biyu, ba su tarar da yaran ba. Sojoji da 'yan sa-kai daga ƙabilun yankin suka bazu cikin daji suna nema, sai ranar 9 ga Yuni aka iske su, sun rame sun galabaita, amma dukansu da rai. Kwana 40 suka yi a dajin.

Da farko garin rogon da suka samu a jirgin suka riƙa ci. Da ya ƙare suka koma ga 'ya'yan itatuwa. A dajin da ɗan itace mai guba da mai amfani kan yi kama da juna, yarinyar ta san wanda ake ci da wanda ake gudu, domin tun tana ƙarama manya suka nuna mata. Shugaban ƙasar, Gustavo Petro, ya danganta tsirarsu da tarbiyyar daji da suka samu a gida.

Duniya ta ɗauki labarin a matsayin abin al'ajabi. Masana tsirrai kuwa sun ga wani abu daban a cikinsa. Ilimin da ya ceci yaran nan shi ne wanda bincike ke ƙara nuna cewa yana da hannu wajen samuwar dajin a siffarsa ta yau, da kuma tsayuwarsa har yanzu. Ilimin yana raye ne a bakin mutane, cikin harsunansu, a kan ƙasar da suke zaune. Duk abin da ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ya taɓa tsirran.

Girman dajin da abin da ke cikinsa

Amazon shi ne kurmi mafi girma a duniya. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 6.7, wato ya ninka Najeriya sau bakwai. Ya ratsa ƙasashe takwas, Birazil da Peru da Kolombiya da Boliviya da Ekwado da Benezuwela da Guyana da Suriname, da kuma yankin Guiana da ke ƙarƙashin Faransa. Kusan kashi 60 cikin 100 na dajin a Birazil yake.

Wani babban bincike da mujallar Science ta wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa akwai bishiyoyi kimanin biliyan 390 a dajin, na nau'o'i kusan 16,000. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda suka rarrabu. Nau'o'i 227 kacal su ne rabin dukkan bishiyoyin. Sauran dubbai ba su da yawa, wasu ma a 'yan wurare ƙalilan kawai ake samun su. Ma'anar wannan ita ce, idan aka share wani yanki ɗaya don kiwon shanu ko noman waken suya, ana iya hallaka wani nau'i baki ɗaya tun kafin masana su ba shi suna. A gandun Yasuní na Ekwado, nau'o'in bishiyar da aka ƙirga a hekta ɗaya sun haura 600.

A cikin wannan daji akwai ƙabilun asali fiye da 400 masu magana da harsuna kusan 300. Wasu dubbai ne, wasu ba su wuce 'yan iyalai ba, wasu kuma sun zaɓi su kauce wa hulɗa da baƙi gaba ɗaya. Yankunansu sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na dajin.

Dajin da hannun mutum ya daɗe yana gyarawa

An daɗe ana kallon Amazon a matsayin dajin Allah da ba a taɓa shiga ba, mutanen cikinsa kuma 'yan tsiraru ne masu yawon farauta. Binciken shekarun baya-bayan nan ya rushe wannan zato.

Hujja ta farko tana cikin ƙasa. Ƙasar Amazon galibi ba ta da albarka, domin ruwan sama mai yawa yana wanke sinadaranta. Amma a bakin koguna da dama akwai wurare masu baƙar ƙasa mai matuƙar yalwa, wadda 'yan Birazil ke kira terra preta. Da aka tona aka bincika, sai aka ga cike take da gawayi da toka da tsingaro da ƙasusuwan kifi da ragowar abinci. Mutane ne suka haɗa ta, wata ta haura shekara 2,000, kuma har yau manoma na nemanta. A 2023 wani bincike da aka yi tare da 'yan ƙabilar Kuikuro na yankin kogin Xingu ya nuna cewa har yanzu suna yin irin wannan ƙasa da gangan, suna tara shara da toka a wuraren da suke son yin shuka nan gaba.

Hujja ta biyu tana cikin bishiyoyin kansu. A 2017 wani rukunin masana ya duba nau'o'in bishiya 85 da 'yan asalin yankin suka daɗe suna renonsu saboda abinci ko wani amfani. Sun gano cewa 20 daga cikinsu suna cikin waɗancan nau'o'i da suka mamaye dajin, kuma sun fi yawa a kewayen tsofaffin kufai. A wurare da dama, abin da baƙo zai ɗauka daji ne kawai, tsohuwar garka ce da ta girma ta haɗe.

Hujja ta uku ta fito a farkon 2024, lokacin da aka yi amfani da na'urar hasken leza daga jirgin sama aka gano garuruwa masu tituna da filayen noma a kwarin Upano na Ekwado, waɗanda suka kai shekara 2,500. Cututtukan da Turawa suka zo da su tun daga ƙarni na 16, da bauta da yaƙi, su suka ƙarar da mafi yawan mutanen yankin, daji ya rufe kufansu.

Bishiyar da ake kira gyaɗar Birazil misali ce ta yadda rayuwar dajin take a sarƙe. Tana kai tsawon mita 50, tana rayuwa ɗaruruwan shekaru. Furenta wasu manyan ƙudajen daji dangin zuma ne kaɗai ke da ƙarfin buɗe shi su yi masa barbara. Ƙwanson 'ya'yanta kuwa yana da taurin da sai wata dabba mai kama da gafiya, wadda ake kira aguti, ke iya fasa shi. Takan ci wasu, ta binne wasu ta manta, su tsiro. Idan aka sare dajin aka bar bishiyar ita kaɗai a tsakiyar makiyaya, kamar yadda dokar Birazil ta hana sare ta, 'ya'yanta kan ragu sosai. Shi ya sa kusan duk gyaɗar Birazil da ake sayarwa a duniya daga tsayayyen daji ake tsinto ta, kuma iyalai dubbai a Boliviya da Birazil da Peru da ita suke rayuwa.

Gonar rogo, rumbun iri

Bahaushe ya san rogo, amma ba kowa ya san daga inda ya fito ba. A kudu maso yammacin Amazon aka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce. 'Yan Fotugal ne suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16, kuma a yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noma shi, da kimanin tan miliyan 60 a shekara. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da guba mai iya kisa. Dabarar gurza shi, a matse ruwan, a bar shi ya yi tsami, a soya a kasko, 'yan asalin Amazon ne suka fara gano ta, kuma ta yaɗu a Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 ta hannun 'yantattun bayin da suka dawo daga Birazil. Garin kwakin da ake jiƙawa a Kano da wanda yaran Huitoto suka ci a daji 'yan gida ɗaya ne. Koko ma daga can yake, an samu alamun amfani da shi a kudancin Ekwado tun shekara 5,300 da suka wuce.

A arewa maso yammacin Amazon, gona aikin mata ce. Maza kan yi sassabe a ɗan fili, a ƙona, mata su shuka rogo da barkono da abarba da doya da ganyayen magani a cakuɗe. Bayan shekara biyu ko uku sai a bar wurin ya zama saura, amma ba a yi watsi da shi ba, domin an riga an dasa itatuwan marmari a ciki. Shekaru ana komawa tsinka, namun daji na zuwa ci, mafarauta na samun su a nan. Ta haka daji yake zama tamkar zane mai launi-launi: sabuwar gona, saura, matashin daji, tsohon kurmi, kowanne da tsirransa.

A wasu al'ummomin Tukano na kogin Vaupés, masu bincike sun ƙirga nau'o'in rogo fiye da 100, kowanne da sunansa. Yadda ake samun wannan yawa abin lura ne. Sandar rogo ake dasawa, don haka kowace shuka kwafin uwarta ce, ba ta zuwa da sabon abu. Amma rogo yana fure yana 'ya'ya, ƙwayoyin suna faɗuwa su kwanta a ƙasa shekaru. Idan aka dawo aka ƙona saura, sai su tsiro. Matan suna gane waɗannan tsiron, su bar su su girma, su gwada su, wanda ya yi kyau su ba shi suna su shigar da shi cikin irinsu. Sannan amarya takan tafi gidan miji da sandunan rogo daga gonar mahaifiyarta, kuma da yake a al'adar yankin mutum ba ya auren mai harshensa, iri yakan yi tafiya mai nisa. A 2010 hukumar kula da kayan tarihi ta Birazil ta ayyana tsarin noman kogin Negro a matsayin gadon ƙasa.

Wannan ya shafi manomin Afirka kai tsaye. Cututtukan rogo suna yi wa gonaki ɓarna a nahiyar, kuma masu samar da iri mai jure cuta da fari suna dogara ne da yawan nau'o'in da ke akwai. Wani ɓangare na wannan dukiya yana cikin ɗakunan ajiyar iri na cibiyoyin bincike, wani ɓangaren kuma a hannun waɗannan mata yake.

Kura da shan bugu

Tarihin magungunan da aka samo daga dajin shi ya sa 'yan asalin yankin ba sa saurin yarda da baƙo mai littafi da alƙalami.

Mafarautan Amazon sun daɗe suna dafa wasu tsirrai masu yaɗo su fitar da dafin da ake kira kurare, su shafa a bakin ƙananan kibau da ake hurawa ta bututu. Dafin yana saki jijiyoyin dabba ta faɗo daga bishiya, naman kuma ba ya cutar da mai ci. A 1935 wani masani a Landan, Harold King, ya ware sinadarin da ke aikin. A Janairun 1942 likitoci biyu a Montreal ta Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson, suka yi amfani da shi wajen saki jikin majinyaci lokacin tiyata, abin da ya sauya aikin fiɗa a duniya. Haka ganyen jaborandi, wanda sunansa daga harsunan Tupi-Guarani yake, ya samar da maganin hawan jinin ido.

Kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro na farko da Turawa suka dogara da shi, daga ɓawon wata bishiya ta gangaren tsaunukan Andes aka samo shi. Wani ɗan ƙabilar Aymara na Boliviya, Manuel Incra Mamani, shi ya san nau'in da ya fi ƙarfi, ya kwashe shekaru yana tara irinsa, ya miƙa wa wani ɗan kasuwar Birtaniya, Charles Ledger, a 1865. Gwamnatin Holan ta sayi irin ta shuka a tsibirin Java, ta mamaye kasuwar kwinin ta duniya. Shi kuwa Mamani kama shi aka yi aka lakaɗa masa duka, ya rasu a 1871.

Labarin roba ya fi muni. A 1876 Henry Wickham ya fitar da ƙwayoyin iri kusan 70,000 daga Birazil zuwa lambun Kew na Ingila, daga nan aka kai Asiya. Kafin gonakin Asiya su kankama, 'yan kasuwar roba sun bautar da ƙabilun daji. A yankin kogin Putumayo, kamfanin Julio César Arana, wanda ke da rajista a Landan, ya tilasta wa mutane tatsar ƙaron roba da bulala da kisa. Rahoton jami'in Birtaniya Roger Casement da aka wallafa a 1912 ya fallasa ta'asar. Dubban mutane sun mutu, kuma ƙabilar da ta fi shan wuya ita ce Huitoto, kakannin yaran nan huɗu.

Abin bai tsaya a zamanin mulkin mallaka ba. A 1986 wani Ba'amurke ya samu takardar mallakar ƙirƙira a kan wani nau'in ayahuasca, tsiron da ƙabilu da dama ke amfani da shi a al'adunsu tun kaka da kakanni. Gamayyar ƙungiyoyin 'yan asalin Amazon, COICA, ta ƙalubalanci takardar, aka soke ta a 1999, aka maido da ita a 2001, ta ƙare da kanta a 2003. A duk waɗannan labarai, ba masu ilimin ne suka ci riba ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ilimin yana cikin harshe

Ana iya zaton cewa idan wata ƙabila ta manta amfanin wani ganye, maƙwabciyarta za ta tuna. Wani bincike da Rodrigo Cámara-Leret da Jordi Bascompte na Jami'ar Zurich suka wallafa a 2021 ya nuna akasin haka. Sun tattara bayanai 12,495 na amfanin tsirrai wajen magani daga harsuna 236 a Arewacin Amurka da arewa maso yammacin Amazon da tsibirin New Guinea. Kashi 75 cikin 100 na bayanan, harshe ɗaya tak ne ya san su. A Amazon adadin ya kai kashi 91, kuma harsunan da ke riƙe da wannan ilimi duk suna cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ɓacewa.

Binciken ya kuma gano cewa yawancin tsirran ba su kai harsunan shiga haɗari ba. Wato bishiyar na iya ci gaba da tsayuwa a daji alhali wanda ya san amfaninta ya ƙare. Sanin ganye ya wuce sanin sunansa. Ya haɗa da lokacin tsinka, da ɓangaren da ake ɗauka, da abin da ake haɗa shi da shi, da adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa, da yadda ake ɗiba ba tare da kashe uwar ba. Duk wannan a baki yake, kuma yaro yana koyonsa ne yana biye da babba a daji. Idan matasa suka koma birni, makaranta kuma da Sifananci ko Fotugis kaɗai ake koyarwa, tsara ɗaya ta isa igiyar ta tsinke.

'Yan ƙabilar Matsés da ke kan iyakar Peru da Birazil sun ga wannan haɗari da idonsu, lokacin da wani dattijonsu mai magani ya rasu ba tare da ya bar magaji ba. Sai dattawa biyar suka zauna da matasa, da tallafin wata ƙungiya mai suna Acaté, suka rubuta kundin magunguna mai shafi 500, suka kammala a 2015. Da harshen Matsés kaɗai aka rubuta shi, ba a fassara ba, ba a sa sunayen kimiyya ba, don kada wani kamfani ya ɗauka. Suka kuma farfaɗo da al'adar dasa tsirran magani a cikin daji kusa da ƙauyuka, inda matasa ke koyo a aikace.

Abin da taurarin ɗan'adam suka nuna

Hujja mafi ƙarfi a wannan batu ita ce wadda ake gani daga sama. A hotunan tauraron ɗan'adam na kudancin Amazon, yankunan 'yan asali irin na Xingu da na Kayapó suna fitowa kore shar, kewaye da filayen da aka share. Cibiyar MapBiomas ta Birazil ta lissafa cewa tsakanin 1990 da 2020 yankunan 'yan asali sun rasa kusan kashi 1 cikin 100 na tsirransu na asali, filayen da ke hannun masu zaman kansu kuwa sun rasa kusan kashi 20. Rahoton da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 kan Latin Amurka ya kai ga irin wannan sakamako, ya ƙara da cewa kariyar ta fi ƙarfi a inda gwamnati ta ba al'umma takardar mallakar ƙasarsu.

Dalilin a fili yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen da abincinsu da maganinsu da kabarin kakanninsu ke cikin daji su ne na farko da za su ji ƙarar injin yanka katako, kuma idan suna da takarda a hannu, suna da abin nunawa a kotu.

Sashe na 231 na kundin tsarin mulkin Birazil na 1988 ya amince da haƙƙin 'yan asali a kan ƙasashen da suka gada. Aiwatarwa ce ke da wuya. An shata yankin Yanomami a 1992, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 96,000, amma masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba da aka ƙiyasta sun kai 20,000 suka mamaye shi, suka gurɓata koguna da zaiba, zazzaɓi da yunwa suka yaɗu, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya a Janairun 2023. Masu tsaron dajin kuma suna biya da rayukansu. An kashe Paulo Paulino Guajajara, ɗaya daga cikin masu gadin daji na jihar Maranhão, a Nuwamban 2019. A Yunin 2022 aka kashe masanin al'amuran 'yan asali Bruno Pereira da ɗan jaridar Birtaniya Dom Phillips a kwarin Javari.

Akwai kuma taƙaddamar shari'a. Manyan manoma suna goyon bayan ra'ayin cewa ƙasar da 'yan asali suke zaune a kai ranar da aka ƙaddamar da tsarin mulkin 1988 kaɗai za su iya nema, lamarin da zai fitar da waɗanda aka kora kafin lokacin. Kotun Ƙolin Birazil ta yi watsi da ra'ayin a Satumban 2023, majalisar dokoki kuma ta mayar da shi doka kafin shekarar ta ƙare.

Lokaci ba ya jira. An riga an share kusan kashi 17 cikin 100 na dajin. Amazon yana samar da babban kaso na ruwan samansa da kansa, ta tururin da bishiyoyi ke fitarwa. Masana biyu, Carlos Nobre da marigayi Thomas Lovejoy, sun yi gargaɗin cewa idan saran ya kai kashi 20 zuwa 25, wasu sassa za su bushe su rikiɗe zuwa daji mai ciyawa, ba kuma za su dawo ba. Alƙaluman hukumar binciken sararin samaniya ta Birazil sun nuna cewa saran ya kai murabba'in kilomita 13,000 a 2021, ya sauko ƙasa da 7,000 a 2024 bayan an tsaurara tsaro. Wannan ya nuna cewa matakin gwamnati yana tasiri, kuma yana iya sauyawa da sauyin gwamnati.

Inda ake wuce gona da iri

An shafe shekaru ana maimaita cewa kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun duniya a yankunan 'yan asali suke. A Satumban 2024 wasu masana, ciki har da 'yan asalin kansu, suka rubuta a mujallar Nature cewa sun bi diddigin adadin ba su samu binciken da ya tabbatar da shi ba, suka yi gargaɗin cewa adadi mara tushe yana raunana hujja mai ƙarfi.

Haka nan ba kowane maganin gargajiya ne ke warkarwa ba, wasu ma suna da illa, kuma gwajin kimiyya yana da muhallinsa. 'Yan asalin Amazon mutane ne masu buƙatar kuɗin makaranta da asibiti da man kwale-kwale. An samu shugabannin da suka haɗa baki da masu katako ko masu zinare, al'ummomi suka rabu biyu. Noman sassabe yana aiki ne idan akwai isasshen fili da za a bar saura ta huta. Idan aka matse mutane a ɗan wuri, ƙasa takan gaji. Kiyaye daji ba a jini yake ba. Ya dogara ne da samun ƙasa, da tsarin shugabanci mai ƙarfi, da hanyar samun abin masarufi wadda ba ta buƙatar sare itace.

Me dokokin duniya suka tanada?

Yarjejeniyar kare nau'o'in halittu da aka rattaba wa hannu a Rio de Janeiro a 1992 ita ce ta fara buƙatar ƙasashe su mutunta ilimin 'yan asali, su kuma raba amfanin da aka samu daga gare shi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta fayyace cewa sai an nemi izinin al'umma tun kafin a ɗauki iliminta, an kuma yi yarjejeniya kan rabo. Amurka, inda manyan kamfanonin magani suke, ba ta cikin yarjejeniyoyin biyu.

Fasaha ta buɗe wata ɓaraka. A yau ba sai an ɗauki ganye an tsallaka iyaka da shi ba. Bayanan ƙwayoyin halittarsa ana ɗora su a intanet, kamfani ya sauke ya yi aiki da su. A taron Cali na Kolombiya a ƙarshen 2024 aka amince da kafa asusun da manyan kamfanoni masu amfani da irin waɗannan bayanai za su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu ko kashi 0.1 na cinikinsu, aƙalla rabin kuɗin kuma ya tafi ga 'yan asali da al'ummomin karkara. Sai dai biyan ba dole ba ne. A taron ne kuma aka kafa wa 'yan asali kwamiti na dindindin a ƙarƙashin yarjejeniyar. Kafin nan, a Mayun 2024, ƙasashe sun amince a Geneva da wata yarjejeniya da ta wajabta wa mai neman takardar mallakar ƙirƙira ya bayyana inda ya samo tsiro da kuma al'ummar da ta ba shi ilimin. Sai ƙasashe 15 sun tabbatar da ita kafin ta fara aiki.

Batun kuɗi shi ne inda alkawari ya fi cikawa nisa. Wani rahoto da gidauniyar Rainforest ta Norway ta fitar a 2021 ya gano cewa daga 2011 zuwa 2020, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na tallafin sauyin yanayi ne ya tafi ga tabbatar da haƙƙin ƙasa da kula da daji na 'yan asali, kuma kaɗan daga ciki ne ya isa hannun ƙungiyoyinsu. A taron Glasgow na shekarar aka yi alkawarin dala biliyan 1.7 don cike giɓin. Shugabannin 'yan asali sun ci gaba da ƙorafin cewa mafi yawan kuɗin ta hannun 'yan tsakiya yake bi.

Abin da ya rage

Buƙatun da ƙungiyoyin 'yan asalin Amazon ke maimaitawa a kowane taro ba su da yawa: a kammala shata ƙasashensu a ba su takarda, a fitar da masu haƙar zinare da masu katako, a koyar da yara da harsunan iyayensu, a nemi izininsu kafin a ɗauki iliminsu ko a haƙa ƙasarsu, kuɗin da aka ware da sunansu kuma ya iso gare su kai tsaye. Akwai alamun sauyi. Birazil ta kafa ma'aikatar harkokin 'yan asali a Janairun 2023, ta naɗa Sônia Guajajara minista. A Agustan shekarar, kusan kashi 59 cikin 100 na masu zaɓe a Ekwado suka amince a daina haƙar mai a wani ɓangare na Yasuní, duk da cewa rufe rijiyoyin yana tafiyar hawainiya.

Ɗakunan ajiyar iri da lambunan bincike suna iya adana ƙwaya da busasshen ganye, kuma aikinsu yana da muhimmanci. Ba za su iya adana sanin lokacin da bishiya ke 'ya'ya ba, ko wanda ake ci da wanda ake gudu. Wannan sai mutum ya koya daga mutum a cikin dajin, kamar yadda yarinyar nan 'yar shekara 13 ta koya daga manyanta, har ta riƙe ƙannenta uku kwana 40.